Kuɗin Barin Itace a Tsaye: Fashin Baƙi Kan Cinikin Kabon na Ƙasar Guyana

A farkon watan Disamba na shekarar 2022, gwamnatin Guyana, wata ƙaramar ƙasa da ke gaɓar arewacin nahiyar Kudancin Amurka, ta sanar da wani ciniki da ya sa masu bibiyar al'amuran sauyin yanayi suka kasa kunne. Kamfanin mai na Hess, wanda yake na Amurka ne, ya amince zai biya ta aƙalla dala miliyan 750 daga 2022 zuwa 2032, ita kuma ta ba shi takardun shaida miliyan 37.5, kowace takarda tana wakiltar tan ɗaya na iskar kabon da aka ce tsaron dazuzzukan ƙasar ya hana shi shiga sararin samaniya. Babu gungume ko ɗaya da aka loda a jirgin ruwa, babu fili ko taku ɗaya da ya koma hannun kamfanin. An biya kuɗin ne domin itatuwa su ci gaba da tsayuwa a inda Allah ya tsirar da su.

Duk wanda ya taso yana ganin ciniki a kasuwa, inda ake ɗaga buhu a ji nauyinsa, a zura hannu a duba ƙwayar, zai ji wannan magana wani iri, har ma ya ce cinikin biri a sama ake yi. Zargin nan yana da tushe, amma bai ƙare zancen ba. Ra'ayina shi ne ƙasar da ta tsare dajinta ta cancanci a biya ta, kuma an daɗe ana cin haƙƙin irin waɗannan ƙasashe. Inda gizo yake saƙar shi ne tambayoyi biyu: da wane ma'auni aka ƙirga abin da aka sayar, sannan wa yake da ikon sayar da shi.

Kafin a kai ga nan, ya kamata a san mene ne wannan tan da ake ciniki a kansa. Itace yana zuƙar iskar kabon daga sarari, ya gina jikinsa da ita, ta yadda idan aka busar da katako, kusan rabin nauyinsa kabon ne. Idan aka sare itacen aka ƙone, ko aka bar shi ya ruɓe, kabon ɗin yakan haɗu da iskar shaƙa ya koma sama, kuma kowane tan ɗaya nasa yakan zama kimanin tan 3.67 na iskar da ke dumama duniya. Saboda haka daji rumbu ne, sare shi kuma fasa rumbun ne. Guyana tana da daji mai faɗin hekta miliyan 18, wato kusan kashi 85 cikin ɗari na ƙasar, kuma gwamnatinta tana cewa abin da ke ajiye a cikinsa ya kai tan biliyan 19.5, alhali mutanen ƙasar duka-duka ba su wuce dubu 800 da wani abu ba.

Tunanin biyan ƙasashe domin kada su fasa wannan rumbu ya shiga zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ne a 2005, lokacin da ƙasashen Papua New Guinea da Costa Rica suka gabatar da shi a taron sauyin yanayi na birnin Montreal. Hujjarsu mai sauƙi ce. Manomi ko gwamnati suna samun kuɗi idan suka sare daji suka shuka wani abu ko suka haƙa ma'adinai, amma ba sa samun ko sisi idan suka bar shi, duk da cewa duniya gaba ɗaya ce ke amfana da barin nasa. Daga nan tsarin da ake kira REDD+ ya samo asali, aka ci gaba da gyara shi a tarukan Bali a 2007 da Warsaw a 2013, har Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta amince da shi a sashenta na biyar.

Guyana ba ta jira an gama waɗannan tarurruka ba. A 2009, zamanin shugaba Bharrat Jagdeo, wanda shi ne mataimakin shugaban ƙasa a gwamnatin Irfaan Ali, ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar Norway, wadda ta yi alkawarin biyan har dala miliyan 250 muddin sare daji bai haura wani ƙayyadadden mataki ba. Wancan kuɗi tallafi ne na gwamnati zuwa gwamnati, kuma Norway ba ta karɓi wata takarda da za ta rage nata hayaƙin da ita ba. Babban abin da ya bari a baya shi ne tsarin awo, domin tun daga lokacin hukumar gandun daji ta ƙasar take fitar da rahoton yawan dajin da aka rasa, kuma rahotannin sun nuna cewa asarar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu a shekara ba, mafi yawanta kuma daga haƙar zinariya take zuwa.

Awon kansa aiki ne na ƙafa da na na'ura. Ma'aikatan daji sukan shiga cikin kurmi su kewaye wani ɗan fili da igiya, su bi itatuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, su naɗa wa kowanne tef a daidai ƙirjin mutum, wato tsayin mita 1.3 daga ƙasa, su rubuta kaurinsa da irinsa. Daga kauri da iri ake lissafa nauyin itacen, daga nauyi kuma a fitar da yawan kabon. Idan aka yi haka a filaye masu yawa, sai a san kimanin abin da hekta ɗaya ta irin wannan daji take riƙe da shi. Hotunan tauraron ɗan'adam kuma su ne suke nuna inda kore ya koma ja tsakanin bara da bana, ko saboda ramin zinariya, ko sabuwar hanya, ko gona. Har zuwa nan babu wani abin jayayya sosai, domin abu ne da wani zai iya komawa ya sake aunawa.

Jayayyar tana farawa ne a mataki na gaba. Takardar kabon ba ta wakiltar abin da ke cikin rumbu, tana wakiltar bambancin da ke tsakanin abin da aka rasa da abin da za a rasa da ba a yi tsaro ba. Na farkon ana iya aunawa, na biyun kuwa bai taɓa faruwa ba, sai dai a ƙiyasta shi. Misalin da ya fi kusa da wannan shi ne maigadin kasuwa da aka ce ba albashi za a ba shi ba, za a riƙa biyansa ne gwargwadon kayan da ya hana a sace. Idan ɓarayi suna kwashe buhu ɗari a kowace shekara kafin zuwansa, bana kuma aka kwashe ashirin, to lissafi ya fito, ya tsare tamanin. Amma idan shi maigadin ne aka bar wa faɗin yawan ɓarayin da suka yi niyyar zuwa, kowa ya san adadin zai yi ƙiba. Wannan adadi na abin da zai faru da ba a yi komai ba shi ne ginshiƙin cinikin baki ɗaya, kuma mai sayarwa da dillali da mai saye duk suna cin riba idan ya yi yawa. Sararin samaniya ne kaɗai yake asara, shi kuwa ba ya zama a teburin ciniki.

An ga illar wannan a kasuwar ayyukan 'yan kasuwa masu zaman kansu. A watan Janairun 2023, jaridar Guardian ta Birtaniya da Die Zeit ta Jamus, tare da wata ƙungiyar 'yan jarida masu bincike, suka wallafa rahoton da ya ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun tsaron dazuzzuka da hukumar Verra ta tantance ba su wakiltar wani ragin hayaƙi na gaskiya. Verra ta musanta, ta kuma soki hanyar da aka bi wajen binciken, amma kasuwar ta girgiza, farashi ya faɗi. Akwai kuma wata matsala da ke bin ƙananan ayyuka a duk inda suke: idan aka killace wani yanki aka sa masa masu gadi, mai zarto ba ya tuba, tsallakawa yake yi zuwa dajin da ke maƙwabtaka, sai a rubuta nasara a nan alhali asarar ta yi ƙaura ne kawai.

Wannan ne ya sa aka koma ga tsarin da gwamnati take jagoranta, inda ake ƙirga dajin ƙasa gaba ɗaya, ko na jiha guda, a matsayin abu ɗaya. Idan mai sare itace ya bar gabas ya koma yamma, lissafin ƙasa zai kama shi. Sannan gwamnati ce take ba da lasisin haƙar ma'adinai, ita take yanke inda hanya za ta bi, ita take da 'yan sanda da kotu, saboda haka ita ce mai iya tsayar da ɓarnar daga tushe. Hukumar da ta tantance takardun Guyana, wadda ake kira ART, a kan wannan tsari aka kafa ta, kuma Guyana ce ƙasar farko da ta ba wa takardu, guda miliyan 33.47, na shekarun 2016 zuwa 2020. A cikin ƙa'idojinta har da ware wani kaso na takardun a ajiye gefe ba a sayar ba, domin cike gurbi idan gobara ko sauyin manufa suka cinye dajin da aka riga aka karɓi kuɗinsa.

Sai dai Guyana ta zo da wata tambaya mai wuyar gaske. Maigadin da ya zo kasuwar da ba a taɓa yin sata a cikinta ba, me za a ce ya hana? Idan aka bi tarihin sare daji kawai, ƙasar da ta yi ɓarna mai yawa jiya ita ce za ta fi samun kuɗi yau idan ta sassauta, wadda ta riƙe amana tun farko kuma ta tashi a tutar babu. Wannan rashin adalci ne a fili, kuma yana iya zama gayyata ga ƙasashe su fara sara domin su samu abin ragewa. Domin magance haka, ART ta yi tanadi na musamman ga ƙasashe masu daji da yawa da ƙarancin sara, inda ake ɗaga musu ma'auni sama da tarihinsu, bisa la'akari da girman abin da suke ajiye da shi da kuma matsin lambar da ke tafe. Manazarta da suka duba alƙaluman sun nuna cewa mafi yawan takardun Guyana daga wannan ƙari suka fito.

A nan ne nake ganin ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Biyan Guyana ladan riƙon amana daidai ne, kuma matsin lambar da ake magana a kai ba ƙage ba ne, domin farashin zinariya yana hawa, kuɗin man da ƙasar take haƙowa yana buɗe hanyoyi zuwa cikin ƙasa, kuma an ga irin sarar dajin da ta biyo bayan hanyoyi a dajin Amazon na Brazil. Amma ɗaukar wannan takarda a ce ta goge tan ɗaya na hayaƙin da wani ya fitar a wani wuri magana ce ta daban. Hayaƙin da ya fita daga injin jirgi ko matatar mai tabbatacce ne, kuma wani kaso nasa yakan daɗe a sama ɗaruruwan shekaru. Itacen da aka ce an hana sarewa kuwa wataƙila dama ba za a sare shi ba, kuma babu mai iya lamunce cewa zai kai shekara ɗari a tsaye. Idan aka musanya tabbas da wataƙila, lissafin takarda zai daidaita, amma iskar da ke sama ta ƙaru.

Abin da ya ƙara wa wannan magana nauyi shi ne wanda ya saya. Hess ba baƙo ba ne a Guyana, domin a lokacin cinikin shi ne yake da kashi 30 cikin ɗari na yankin mai na Stabroek da ke cikin tekun ƙasar, inda ExxonMobil ya gano mai a 2015 aka fara haƙowa a ƙarshen 2019. An ƙiyasta abin da ke wurin ya haura ganga biliyan 11, kuma idan aka ƙone shi duka, iskar da zai fitar za ta kai kimanin tan biliyan 4, wato fiye da ninki ɗari na takardun da kamfanin ya saya. Gwamnatin Guyana tana amsa wannan suka da cewa ƙasashen da suka yi arziki da kwal da fetur tsawon ƙarni biyu ba su da bakin hana matalauciyar ƙasa cin arzikinta, musamman wadda ta tsare dajin da su suka gama da nasu tuntuni. Ina ganin wannan amsa tana da ƙarfi ta fuskar adalci tsakanin ƙasashe. Ta fuskar lissafin iska kuwa ba ta sauya komai ba.

Tambaya ta biyu, ta wanda yake da ikon sayarwa, ita ce ta fi taɓa rayuwar mutane kai tsaye. Kimanin kashi ɗaya cikin goma na al'ummar Guyana 'yan asalin ƙasar ne da suka riga Turawa zama a wurin, ƙabilu tara, kuma su ne mazauna cikin dajin. Dokar 2006 ta amince wa ƙauyuka da yawa mallakar filayensu, kowane ƙauye da majalisarsa da shugabansa da ake kira toshao, wanda ake zaɓa. Gwamnati ta haɗa dazuzzukan waɗannan ƙauyuka cikin lissafin ƙasa, ta ware musu kashi 15 cikin ɗari na kuɗin. A 2023, daga dala miliyan 150 da suka shigo, an tura dala miliyan 22.5 zuwa asusun ƙauyuka da unguwanni 242, kowanne ya zauna ya tsara abin da zai yi da rabonsa. A shekara mai biye, da kuɗin da suka shigo suka ragu, gwamnati ta ɗaga kason zuwa sama da kashi 26 domin kada abin da ƙauyukan suke samu ya ja baya. Ga ƙauyen da sai an yi kwanaki a kwale-kwale kafin a kai shi, kuɗin da ya shiga asusunsa kai tsaye ba tare da ya ratsa ofisoshi ba babban abu ne, kuma ba daidai ba ne a raina shi.

Duk da haka, a watan Maris na 2023 wata ƙungiyar kare haƙƙin 'yan asalin ƙasar mai suna APA ta kai ƙorafi gaban ART, tana cewa majalisar shugabannin ƙauyuka ta ƙasa ce ta amince da shirin, alhali doka ta ɗora ikon yanke hukunci kan filin ƙauye a hannun taron mutanen ƙauyen ne. An yi watsi da ƙorafin, aka kuma yi watsi da ɗaukaka ƙarar da ta biyo baya, shugabannin ƙauyuka da dama ma suka fito suka goyi bayan gwamnati. Amma abin da ƙungiyar ta tayar bai mutu ba, domin akwai bambanci tsakanin a ba mutum kaso daga cinikin da aka yi da kayansa da kuma a tambaye shi tun farko ko yana son sayarwa. Tsarin da gwamnati take jagoranta ya toshe ƙofar ƙaurar ɓarna, amma ya tattara ikon sayarwa a hannu ɗaya, kuma a inda babu takardar mallaka mai ƙarfi, abin da Bahaushe yake cewa kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi shi ne zai fi saurin faruwa.

Nahiyarmu ta Afirka ta riga ta ɗanɗana wannan ciniki, kuma darussan ba iri ɗaya ba ne. A Janairun 2023, wani asusu da Bankin Duniya yake kula da shi ya biya Ghana kusan dala miliyan 4.9 a kan tan dubu 972 da ta rage a yankin noman koko, ta zama ta biyu a Afirka bayan Mozambik. Farashin dala 5 ne kowane tan, kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin abin da Guyana ta samu, wato dala 15, wanda ke nuna cewa babu tsayayyen farashi a wannan kasuwa, sai ƙarfin ciniki da sa'ar mai saye. Gabon, wadda daji ya rufe kusan kashi 88 cikin ɗari nata, ta karɓi dala miliyan 17 daga Norway a 2021, amma da ta fito da takardu miliyoyi kasuwa daga baya, masu saye ba su yi tururuwa ba. A Najeriya, jihar Kuros Riba ta haramta sare katako a 2008 da fatan kuɗin kabon, haramcin ya shafe fiye da shekara goma, mazauna daji suka ji takura a sana'o'insu, kuɗin da aka yi ta yi musu alkawari kuwa bai zo yadda aka zata ba.

Akwai kuma darasi daga ƙasar Hausa kanta, ko da yake itatuwanmu na Sahel ba su riƙe kabon da ya kai na kurmi. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980, manoma suka fara barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski maimakon tumɓuke su, har aka ƙiyasta abin ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Ba takardar kabon ce ta jawo wannan ba. Ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne manomi ya fara jin cewa itacen da ke gonarsa nasa ne, ba na malamin daji da zai zo ya ci shi tara ba. Duk gwamnatin da take shirin sayar da kabon na dazuzzukanta, wannan ita ce tambayar da makiyayi da manomi da mai yin gawayi za su fara yi mata, kuma amsar ya kamata ta kasance a rubuce cikin doka kafin a sa hannu da kowane kamfani.

Kasuwar kuma tana ƙara shiga hannun gwamnatoci. A taron Baku na watan Nuwamban 2024 aka kammala ƙa'idojin sashe na shida na Yarjejeniyar Paris, waɗanda suka tanadi cewa idan ƙasa ta ba da izinin a yi amfani da tan ɗaya nata wajen cika alkawarin wata ƙasa, dole ta cire shi daga nata lissafin, domin kada a ƙirga abu ɗaya sau biyu. Wannan yana nufin ƙasar da ta sayar da raginta mai arha yau, gobe da mai tsada za ta cika nata alkawarin. Guyana ta riga ta bi wannan hanya a watan Fabrairun 2024, lokacin da aka ba ta takardu miliyan 7.14 na shekarar 2021, na farko a duniya da kamfanonin jiragen sama za su iya amfani da su a sabon zangon tsarinsu na rage hayaƙi. Cinikin Hess kuwa an raba shi kashi uku ne daidai-wa-daida, takardu miliyan 12.5 kowanne: dala 15 kowace takarda ga na 2016 zuwa 2020, dala 20 ga na 2021 zuwa 2025, dala 25 ga na 2026 zuwa 2030. Kashi na ƙarshe, mafi tsada, na shekarun da mai yake kwarara ne da sababbin hanyoyi suke ratsa cikin ƙasar, kuma tun watan Yulin 2025 kamfanin Chevron ya saye Hess gaba ɗaya, tare da kasonsa na rijiyoyin Stabroek.